Daidaita keke ga mai ƙafa ɗaya gajera

A sana'ata ta gyaran keke a Kano, masu ƙafa ɗaya gajera ba baƙi ba ne a wurina, domin wasu shan inna ce ta taɓa su tun suna yara, wasu kuma karaya suka yi aka ɗora, ƙashin ya haɗe a takure. Saurayin da zan yi bayani a kansa yana cikin kashi na biyu. Ya karye a cinyar hagu a hatsarin babur, bayan ya warke sai ƙafar ta ragu, kuma duk lokacin da ya yi tafiya mai nisa a keke sai ya sauka da ciwon ƙugu da na gwiwar dama.

Kafin in taɓa keken, na sa shi ya hau ya tuƙa a gabana ina kallonsa ta baya. Duk sa'ad da fedar hagu ta kai ƙasa, sai ƙugunsa ya karkata ya bi ta, yatsunsa suna miƙewa don su cim mata. Da ya sauka, na tsayar da shi ba takalmi, ina jera siraran katakai ƙarƙashin ƙafar hagu har ƙasusuwan ƙugunsa biyu suka daidaita, sannan na auna kaurin katakan, ya kama kusan santimita 3. Wannan awo na mai gyara ne kawai, shi ya sa na shawarce shi ya je Asibitin Ƙashi na Dala a tabbatar masa da hoto, tunda wani lokaci ƙasusuwan daidai suke, karkatar ƙugu ce take sa ƙafa ta zama kamar gajera, irin wannan kuwa ɗora katako a kan feda ƙara masa ciwo zai yi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne sanin inda gajartar take. Idan mutum ya kwanta rigingine ya naɗe gwiwoyi, dugadugansa a jere, gwiwar da ta yi ƙasa da 'yar'uwarta tana nuna ƙwauri ne gajere, wadda ta ja baya kuma tana nuna cinya ce. Mai gajeren ƙwauri aikinsa da sauƙi, domin abin da aka ɗora a kan feda yana cike gurbin ƙashin ne kai tsaye. Mai gajeriyar cinya, irin wannan saurayi, lamarinsa daban ne: katakon kan feda da ya taimake shi idan fedar tana ƙasa shi ne zai tura gwiwarsa sama fiye da kima idan fedar ta hau.

Saboda haka na raba gyaran gida biyu. Na fara saita sirdi da doguwar ƙafar, yadda idan ya ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa ƙafar za ta miƙe ba tare da ƙugu ya motsa ba. Daga nan na duba hannun feda, wato ƙarfen da fedar take ɗaure a jikinsa, wanda tsawonsa yake rubuce a cikinsa, na tarar milimita 175 ne, sai na sauya na hagun da mai 170. An yi sa'a hagu ce, domin faifan sarƙa yana dama, na hagu kuwa ana cire shi shi kaɗai. Gajeren hannu yana kawo feda kusa a ƙasa, a sama kuma yana rage hawan gwiwa. Wanda zai yi wannan aiki ya tuna cewa zaren fedar hagu a juye yake, zuwa dama ake murɗa ta idan za a kwance ta.

Bayan haka na ɗaure katako mai kaurin santimita 1 a kan fedar da ƙusoshi masu noti, na lulluɓe shi da robar tsohuwar taya don kada takalmi ya zame. Fuskokin fedar biyu na yi wa, domin idan ɗaya aka yi wa, nauyi yakan juyar da ita ƙasa, mahayi ya riƙa lalube da ƙafa a tsakiyar titi. Na gargaɗe shi cewa fedar ta ƙara kusantar ƙasa, don haka ya ɗage ta sama idan zai sha kwanar hagu.

Da ya lissafa, sai ya ce, "Baba, ai rabi kawai ka cike." Na ce masa, "Haka ne ɗana, da gangan na yi." Jikin da ya shekara yana tafiya a karkace ya riga ya saba, idan aka cike gurbin duka a rana ɗaya, baya da gwiwa ne za su biya kuɗin. Na ce ya hau na 'yan makonni a gajerun tafiye-tafiye, ya lura da inda ciwo yake tasowa. Da ya dawo, ciwon ƙugun ya tafi, saura ɗan tsami a bayan gwiwar hagu, alamar har yanzu tana miƙewa da yawa, sai na sa siririyar roba mai milimita 3 ƙarƙashin katakon, sirdin kuma na bar shi yadda yake.