Mai Neman Lada da Mai Neman Ma'aikaci

Shekara shida ke nan ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya ta iyaye a Kumasi, wadda yawancin mutanenta mata ne daga Asawase da Aboabo da Sabon Zango. Abin da ya tara su shi ne kowace tana da ɗa ko 'ya mai tawayar fahimta: wasu larurar Down, wasu galahanga, wasu kuma ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni tun a wajen haihuwa. Aikin da aka ɗora mini shi ne in nemo wa waɗanda suka girma wurin koyon sana'a ko wurin aiki, domin makarantun musamman irin Garden City da ke Asokore Mampong suna riƙe yaro ne zuwa wani lokaci, daga nan sai ya koma gida ya zauna a tsakar gida daga safe har dare, abin da ya koya yana zubewa kaɗan-kaɗan.

Kafin wannan aiki malamin makaranta ne ni, bakina ya saba da wa'azi, don haka da wa'azi na fara. Saurayin farko da aka damƙa mini yana da shekara 19, yana da larurar Down, mahaifiyarsa kuma koko da ƙosai take sayarwa a bakin hanya a Aboabo. Na kai shi wurin wani Alhaji tela, dattijo mai mutunci, na ce da shi: "Alhaji, a taimaka wa yaron nan saboda Allah, akwai lada mai yawa a cikinsa." Alhaji bai bari na ƙarasa ba ya amsa, ya kuma yafe kuɗin da iyaye kan biya masta kafin ya karɓi ɗan koyo. Na koma ofis ina ganin na yi abin kai.

Bayan wata uku sai mahaifiyar ta aiko cewa yaron ya kafe ba zai ƙara zuwa shagon ba, ta yi lallashi ta yi faɗa, abin ya faskara. Da na je na zauna a shagon yini guda sai na ga dalili. Akwai wani benci a bakin ƙofa, nan ne wurinsa. Ana ba shi abinci a kan kari, an ɗinka masa sabuwar riga ta Salla, masu kawo ɗinki kan miƙa masa 'yan canji idan za su fita, amma a wata ukun nan bai taɓa riƙe almakashi ba, bai taɓa zura zare a allura ba, ko tsintsiya idan ya ɗauka sai wani ɗan koyo ya karɓe. Na tambayi Alhaji, sai ya ce: "Malam, ai amana ka ba ni. In dutsen guga ya ƙona shi, me zan gaya wa uwarsa?" Ban sami abin cewa ba, domin Alhaji bai saɓa alkawari ba. Lada na tallata masa, lada kuma ya saya, ya riƙe yaron yadda ake riƙe abin sadaka. Yaron kuwa, wanda dukkanmu muke ɗauka ba ya gane komai, ya riga mu gane cewa an mai da shi almajiri mai tsabtar kaya, shi ya sa ya ƙi.

Wuri na biyu gidan burodi ne na wata mata, wadda ma'aikatanta ke kira Madam. Na fara mata irin wancan jawabi sai ta katse ni da tambayoyi uku: me ya iya, ƙarfe nawa zai iso, kuma wa zai kawo shi. A lokacin na ji zafin abin, na ɗauka rashin tausayi ne. Ko ɗaya ba ni da amsarta, alhali na fi wata shida da sanin yaron. Na roƙi ta bar ni in riƙa zuwa ina kallon yadda ake aikin, ta ce in zo amma kada in tsaya mata a hanya.

Mako biyu na yi ina kallo, kuma a nan ne na koyi abin da har yau nake cin moriyarsa. Abin da muke kira "aikin burodi" ashe ayyuka ne barkatai da aka haɗa a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai awon fulawa da yis, wanda ke buƙatar lissafi, akwai kula da wutar tanda, wadda ke buƙatar saurin yanke shawara, amma akwai kuma shafa wa gwangwanaye mai, da jera su, da wanke su, da zuba burodin da ya huce a leda a ɗaure baki, da tara shi goma-goma a jira masu sari. Waɗannan na ƙarshe su ne ayyukan da sauran ma'aikata ke gudu saboda maimaici, su yi rabi su bar rabi, shi kuwa saurayin namu abin da ya fi so a duniya shi ne a bar abu yadda yake jiya. Ƙirga yana ruɗa shi idan ya wuce biyar, sai muka sa kafinta ya yi mana faifan katako mai gurbi goma. Idan gurabe suka cika, goma ta cika, ba sai ya ƙirga ba. Muka ɗauki hoton kowane mataki da waya, aka buga aka liƙa a bango a jere. Wata malamar makarantar musamman ce ta nuna mini dabarar koyarwa daga ƙarshe, wato in yi dukkan matakai in bar masa na ƙarshe ya kammala da hannunsa, idan ya ƙware sai in bar masa biyu na ƙarshe, a haka har ya haɗa aikin gaba ɗaya. Amfaninta shi ne kullum shi ne mai gamawa, kullum yana ganin abin da hannunsa ya fitar. Na yi wata guda ina tsaye a gefensa, sannan na koma zuwa da safe kawai, sannan sau ɗaya a mako. Janyewar ta fi koyarwar wuya a gare ni, domin na saba da jin cewa ana bukatata.

Hanyar zuwa aiki ma sai da aka koya ta kamar darasi. Ba ya karanta rubutun jikin mota, kuma ihun yaran tiroto, wato ƙananan motocin haya, yana rikita shi, don haka muka bi hanyar tare sau da yawa muna riƙe alamu: masallaci mai koren fenti, mai gasa ayaba, gidan mai. Ranar da mai gasa ayaba ta sauya wuri ya wuce inda zai sauka, aka yi ta nemansa har azahar.

Mutane kan tambaye ni ko babu doka a kan wannan al'amari. Akwai, kuma a kan takarda ba ta da laifi. Dokar masu nakasa mai lamba 715 ta shekarar 2006 ta hana nuna musu bambanci wajen ɗaukar aiki, ta yi alkawarin rangwamen haraji ga wanda ya ɗauke su, ta kuma ba da wa'adin shekara goma a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, wa'adin da ya cika a 2016. A 2012 Ghana ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, a 2015 kuma aka fitar da manufar karatun bai ɗaya, wadda ta ce makarantar unguwa ta karɓi kowane yaro. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan ƙasa masu shekara biyar zuwa sama suna da wata nakasa. Sai dai masu ba da aiki a zango teloli ne, da masu gidan burodi, da kanikawan Suame, da masu wankin mota, kuma maganar rangwamen haraji ba ta motsa wanda ba ya cike takardar haraji. Abin da ke motsa shi shi ne ya ga gwangwanayensa a wanke kafin ƙarfe bakwai.

Haka nan kason da ake ware wa masu nakasa daga asusun bai ɗaya na majalisun gundumomi, wanda ya fara da kashi 2 cikin 100 aka ƙara shi zuwa 3. Makafi da kurame da guragu suna da ƙungiyoyi tsofaffi, suna da baki, suna iya tsayawa gaban jami'i su kare buƙatarsu, kuma ba na ganin laifinsu. Namu yaran ba sa iya cike fom, iyayensu mata kuma suna bakin tukunya a lokacin da ake taro, sai a gama rabo ba a ji ɗuriyarsu ba. Ko an samu, yawanci firiza ce ko keken ɗinki. Na ga gidan da aka kai firiza da sunan wata yarinya, yayarta ce ke sayar da ruwan leda da ita, yarinyar na zaune a inda take tun da. A ganina mai tawayar fahimta ya fi buƙatar mutumin da zai tsaya kusa da shi wata uku na farko a wurin aiki fiye da kowace na'ura, amma albashin irin wannan mutum ba abin da ake ɗauka hoto da shi ranar rabo ba ne. Ƙungiyoyi irin Inclusion Ghana sun daɗe suna wannan magana a Accra, mu kuma muna yin ta a ƙofar ofisoshi da 'yar takardarmu a hannu. Kafin a kai ga kowane tallafi ma, ko na LEAP, shirin gwamnati na ba talakawa tallafin kuɗi da aka fara a 2008, ko inshorar lafiya, ko layin waya da za a biya mutum albashi ta momo, wato asusun kuɗi na waya, sai an sami katin ɗan ƙasa, kuma yaron da aka ɓoye a ɗaki tun yana jariri sau da yawa ko takardar haihuwa ba a yi masa ba. Rabin aikina a kan layin neman takardu yake ƙarewa.

Ɓoyon yana da tushe. A zango ana ce wa irin wannan yaro ɗan ruwa, maƙwabtanmu Asante kuma suna da kalma mai wannan ma'ana, kuma uwa ce ke ɗaukar zargin. Da farko nakan yi gardama da malamai masu rubutu da tofi, sai na lura cewa duk uwar da na kushe wa malaminta ba ta ƙara dawowa wurina. Yanzu ba na hana kowa addu'a. Ina dai zama in yi bayani cewa larurar Down ƙarin ƙwayar halitta ce guda ɗaya, 47 a maimakon 46, tun daga ranar da aka ɗauki ciki, kuma doguwar naƙuda da shawarar jarirai da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai duk suna iya raunata ƙwaƙwalwa, saboda haka jaririn da idonsa ya yi rawaya asibiti za a kai shi a ranar, kada a jira suna. Idan kuma liman ya ba ni dama bayan sallar Juma'a, labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum nake kawowa, kuma inda nake tsayawa a cikinsa shi ne cewa makahon nan ladanci aka ba shi a Madina, aikin da jama'a ke dogara da shi, wanda idan ya makara kowa zai sani.

Ni kaina ban tsira daga abin da nake zargin wasu da shi ba. Ranar da za a tsara yadda za a riƙa biyan saurayin nan, muna zaune ni da Madam da mahaifiyarsa muna ta shawara a kansa kamar ba ya wurin. Mahaifiyar ta ce a riƙa ba ta kuɗin duka, ni kuma na goyi bayanta, domin shekara ashirin tana ɗawainiya da shi ita kaɗai. Sai ya dafa hannuna ya ce a hankali, da irin maganarsa da sai ka saba kake ganewa: "Malam, nawa ne." Aka tambaye shi me zai yi da kuɗi, ya ce zai sayi rigar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kotoko, zai kuma ba Mma na sabulu. A ƙarshe aka raba uku: kaso ga gida, kaso a susu, wato adashe, da sunansa, kaso a aljihunsa. Tun daga ranar, idan na shiga gida shi nake fara gaisarwa, shi nake fara tambaya, ko da amsar za ta ɗauki minti biyar kafin ta fito.

Wajen 'yan mata ban yi nisa ba. Iyaye suna tsoron a lalata musu 'ya a hanya ko a wurin aiki, kuma tsoron nasu yana kan gaskiya, domin yarinyar da ba ta iya ba da labari dalla-dalla ita mugu ke fara nema. Abin da muka iya zuwa yanzu shi ne sanya su wurin mata masu sana'a a cikin unguwa, masu yin sabulu ko ƙulla gyaɗa, inda ba sai an hau mota ba, tare da koya musu sunayen sassan jikinsu da wanda za su gaya wa idan an taɓa su.

A watan azumin da ya wuce mahaifiyar saurayin ta zo mini ranta a ɓace. Ya makara kwana biyu a jere saboda barcin bayan sahur, Madam ta yi masa faɗa a gaban ma'aikata ta kuma yanke masa kuɗin rabin yini. Ta ce: "Malam, ka je ka gaya mata, yaron nan fa ba kamar sauran ba ne." Na je gidan burodin na tambaya, aka ce mini wasu ma'aikata biyu sun makara a makon, su ma an yanke musu daidai wannan. Ban roƙi a mayar masa da kuɗin ba. Na zauna da shi a bayan tanda muka saita ƙararrawar wayarsa a kan ƙarfe biyar da rabi, ya sa na kunna masa sautuka ɗaya bayan ɗaya har ya zaɓi na zakara, sannan ya ce in tashi in tafi domin gwangwanaye suna jiransa.