Maganin suga biyu, kuma ba wanda ya ce mata ta ajiye ɗaya

Wlh har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Umma ta zo mana Jidda daga Kano da bizar ziyara, ta daɗe da ciwon suga, da maganinta ma ta zo. Sai dai kun san halin tsofaffinmu, ta ɓare ƙwayoyin kaf ta juye a gwangwanin alewa wai sun fi sauƙin ɗauka a jaka, babu kwali babu suna, ita dai abin da ta sani "farin nan na safe".

Da ta fara kukan ƙishirwa da yawan fitsari sai ƙanena ya kai ta wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a unguwarmu ina wajen aiki. Aka yi tahalil, wato gwaji, suga ya hau, dama tunda ta sauka dabino da kabsa ba su huta ba. Likita ya ce tana shan magani? Aka ce e. Shikenan fa. Bai ce wanne ba, bai ce a je a ɗauko ya gani ba, ya rubuta metformin da Diamicron MR 60, ya kira na gaba. Mai saidaliyya, wato kantin magani, shi ma ya ja layi a kwali ya miƙo. Duk cikinsu ba wanda ya ce Hajiya ki ajiye na Kano. Ita kuwa Umma ba ta zubar da abin da aka sa kuɗi aka saya, ta haɗa duka tana sha.

Ashe farin nan Daonil ne, wato glibenclamide, sai da Yaya ta tono tsohon kwali a ɗakin Umma a Kano ta turo hoto ta WhatsApp muka sani. Shi da Diamicron, wanda asalinsa gliclazide ne, dangin magani ɗaya ne, aikinsu ɗaya, su matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Ba a haɗa su. Kuma shi glibenclamide dama likitoci na kaffa-kaffa da shi ga tsofaffi saboda yana daɗewa a jiki, balle in ƙoda ta fara rauni.

Ranar wata Litinin tana azumin nafila, bayan azahar na same ta kan sallaya gumi ya jiƙa mata hijabi sharkaf, hannu na karkarwa, tana ta zance ba kai ba gindi tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu. Maƙwabciyata Maman Hanan ta shigo ta ce Innalillahi, Anti ko iska ce, a yi mata tofi. Na ce a yi, amma bari na auna tukuna. 48. Duk abin da ya yi ƙasa da 70 ai ya faɗi, ƙasa da 54 kuwa haɗari ne sosai. Tana iya haɗiya, na kawo asir, wato lemo, mai suga, baiwar Allah a wannan halin tana ture kofi wai azumina fa. Da ƙyar ta sha. Da ta suma kam ba zan ɗura mata komai a baki ba, shaƙewa za ta yi.

Bayan minti 15 na sake aunawa ya ɗago, ta dawo hayyacinta ta ci abinci, muka ce alhamdulillah. Bayan magariba ya sake rikitowa. Nan na kira 997, is'af, wato masu motar asibiti, suka ɗauke ta, a tawari, sashen gaggawa, aka sa mata ruwa mai suga aka kwana da ita, domin irin wannan maganin ko ka ɗago sugan yana nan a jini yana sake jan sa ƙasa. Gwajin ƙoda ma ya nuna ta ɗan yi sanyi, abin da ya kamata a duba tun kafin a rubuta mata komai.

Wani abin ma, da na faɗa wa Yaya 48 a waya sai ta ce subhanallahi ya hau haka? Na'urarta mmol take nunawa, tamu nan mg, sai ka raba da 18, wato 48 ɗinmu wajen 2.7 ne a tata. Da ita ce a wajen ƙila ƙarin ƙwaya za ta ba ta.

Abin haushi, a garin nan na Jidda aka yi babban taron ministocin lafiya na duniya kan kare marasa lafiya daga kuskuren asibiti a 2019, har da sanarwa mai sunan garin. Amma tambaya ɗaya, wanne kike sha, ta gagara.

Yanzu ni kam ba ma shiga wajen likita sai da leda cike da duk abin da take sha a kwalinsa, har hulba da habbatus sauda da garin da aka ƙullo mata daga gida. Kuma ba na tashi daga kujera sai na ce daktor, wanne za a ci gaba, wanne za a daina, ya rubuta a takarda. Ƙaramin sunan da ke ƙasan babban suna a kwali shi nake karantawa, in na rikice na kira 937, layin ma'aikatar lafiya. Azumi ma sai an tambaya yadda za a yi da maganin.

Na koma mustausaf ɗin da takardar sallama da hoton kwalin. Likitan ya duba, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ba ta faɗa masa ba. Tsohuwar da ba ta jin Larabci, ba ta san sunan maganin ba, ita ce za ta faɗa? Muna fitowa Umma ta hau ni da faɗa wai na ɗaga wa likita murya, ai ya fi mu sani.