Awa uku da minti 12 ba wasa ba ne

Jama'a ni dai fim irin Avatar kashi na biyu ba a kowace sinima ake kallonsa ba wallahi. Shekara 13 muka jira tun na farko da ya fito a 2009, sai Disambar 2022 darakta James Cameron ya saki wannan, kuma wai abokina yana ce min mu shiga ta kusa da gida don tikiti ya fi araha, wacce allonta ƙarami ne sifikunta kuma na gaba kawai ke aiki. Na ce a'a malam, gara na ƙara kuɗin Napep.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci ma shi ne zaɓen lokacin shiga, fim ɗin awa uku da minti 12 ne, in ka shiga bayan La'asar to Magariba za ta same ka a ciki, dole muka ɗauki na bayan Isha. Kujerar tsakiya muka samu, can sama kaɗan. Da aka nutsa cikin tekun nan na Pandora, duniyar da labarin fim ɗin ke faruwa, ƙarar ruwan har a ƙirjina nake jinta, yaron da ke gefena ya riƙe gugguru a hannu ya manta bai kai baki ba.

Ku tafi da rigar sanyi dai, AC ɗinsu da ƙarfi.