Abin da aiki a Kambodiya ya koya mini game da godiya

Aikin noman shinkafa ne ya kai ni lardin Battambang da ke arewa maso yammacin Kambodiya, yankin da ake yi wa laƙabi da rumbun shinkafar ƙasar. Na ƙaru sosai a fannin noma, amma darasin da ya fi zama mini a rai shi ne yadda mutanen Khmer, wato ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar, suke godiya, domin a wurinsu ba a gode wa mutum sai an fara sanin matsayinsa, sannan a ba shi girman da ya dace da shi.

Kalmar godiyar ita ce arkun. Idan ana son ƙara mata nauyi sai a ce arkun chraen, a wurin taro ko a gaban manya kuwa som arkun ake cewa. Baƙo yakan haddace wannan tun ranar da ya sauka. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne sunan girmamawar da ke biyo baya: bong ga wanda ya ɗan girme ka, pu ko ming ga sa'annin ƙannen iyayenka, om ga wanda ya girmi iyayenka, ta da yeay ga masu shekarun kakanni, malami kuma lok kru, malama neak kru. Shi ya sa tambayar mutum shekarunsa a haɗuwar farko ba rashin kunya ba ce, hanya ce ta neman sanin sunan da za a kira shi da shi. Wanda ya tashi yana cewa yaya, kawu, gwaggo da malam ba zai sha wahalar gane hikimar wannan ba.

Baki kaɗai ba ya kammala godiya, sai an haɗa da sampeah, wato haɗa tafin hannu biyu tare da ɗan sunkuyar da kai. Tsayin da hannuwan suka kai shi ne ma'aunin girmamawa. Ana tsayar da su a ƙirji ga sa'a, a baki ga shugaba ko wanda ya girme ka, a hanci ga iyaye da kakanni da malamai, a gira ga sarki da sufayen addinin Buda, a goshi kuwa wurin bauta ne kawai. A matsayina na Musulmi na kula da wannan bambanci sosai, na tsaya a matakan da gaisuwa ce tsakanin mutum da mutum, kuma babu wanda ya ɗauki hakan a matsayin raini. Ƙasar dama tana da nata Musulmin, wato ƙabilar Cham, waɗanda sallama suke yi a tsakaninsu, don haka abin ba baƙo ba ne ga jama'a.

Miƙa abu ko karɓarsa da hannu biyu ma yana da nasa matsayi. Ranar da muke raba irin shinkafa na lura da wata dattijuwa da aka miƙa wa takardar rajista. Ta ajiye kwandonta a ƙasa, ta goge hannuwanta da krama, gyalen nan mai zanen gida-gida da kusan kowane manomi ke ratayawa, sannan ta karɓi takardar da hannu biyu. Matashin jami'in da ya miƙa mata shi ma da hannu biyu ya miƙa, kuma shi ya fara ɗaga hannu ya gaishe ta, yana ce mata yeay, duk da cewa shi ne mai bayarwa.

Akwai kuma inda ba a furta godiya ko kaɗan. Da safe sufaye sukan fito ba takalmi da ƙwaryar bararsu, mai bayarwa ya cire nasa takalmin ya zuba musu shinkafa, amma sufin ba ya cewa ya gode, addu'ar albarka yake karantawa, domin a fahimtarsu mai bayarwa ne ya samu damar neman lada. A cikin gida ma ba a cika furta kalmar ba. Alherin iyaye da na malamai bashi ne da ake biya da hidima, kuma ana ganin wannan a bikin sabuwar shekararsu a tsakiyar Afrilu, lokacin da 'ya'ya suke yi wa iyaye da kakanni wanka da ruwa mai ƙamshi suna neman gafararsu, da kuma bikin Pchum Ben na kwana 15 a watan Satumba ko Oktoba, inda ake kai abinci wuraren ibada domin magabatan da suka rasu.

Na ƙara ganin darajar sunayen girmamawar nan da na san cewa an taɓa ƙoƙarin kashe su. A mulkin 'yan gurguzu na Khmer Rouge, daga 1975 zuwa 1979, an tilasta wa jama'a kiran juna mit, wato abokin gwagwarmaya, an raba 'ya'ya da iyayensu, an kuma fitar da sufaye daga wuraren ibadarsu. Da yawa daga cikin tsofaffin manoman da muka yi aiki da su sun rayu a wancan zamani, kuma a ganina babban rashin adalci ne ma'aikaci ya zo musu da takardu yana kiransu da suna tsirara.

Saboda haka muka sauya tsarin tarukanmu. Kafin a ambaci hukumar da ta ba da kuɗi, sai a fara gode wa mai garin, wanda suke kira me phum, sannan dattawan ƙauyen kowa da sunan girmamawarsa, kuma mun umarci jami'anmu da kada su miƙa iri ko takarda da hannu ɗaya, ko da layin ya yi tsawo.