Daren da Na Saka wa Baba Asetilsistin

A watan Janairun 2021, lokacin da cutar korona ta sake tasowa karo na biyu a Najeriya, ina aikin likita a wani babban asibiti da ke karkarar Jigawa, inda muke da silindar oksijin da ba ta kai yatsun hannu ɗaya ba, da injin tace oksijin daga iska guda da ba ya aiki sai janareta na ci. Cikin sanyin hunturu aka kawo mana wani dattijo manomi, ya haura shekara sittin, yana numfashi sama-sama. Da na maƙala masa na'urar auna oksijin a yatsa, sai ta nuna 82, alhali mai lafiya ba ya sauka ƙasa da 95. Muka keɓe shi, muka ɗauki samfur, kuma ba mu jira sakamako ba muka sa masa oksijin tare da deksametason miligiram 6 a kullum, domin tun Yunin 2020 binciken RECOVERY na Jami'ar Oxford ya nuna cewa wannan magani mai araha yana rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin biyar a tsakanin masu shaƙar oksijin.

A rana ta uku, bayan gwaji ya tabbatar da korona ce, babban ɗansa ya iso daga Kano da kwalaben asetilsistin a cikin leda. Ya ce, “Likita, don Allah a gwada wa Baba wannan, na karanta a WhatsApp cewa yana wanke huhu.” Ya sayar da buhunan riɗi kafin ya haɗa kuɗinsu.

Maganin ba baƙo ba ne a wurina. Shi ne ake ba wanda ya sha farasitamol fiye da ƙima don a ceci hantarsa, ana kuma amfani da shi wajen tsinka majina mai kauri. Hujjar masu ba da shi a korona ma tana da kan gado: idan cutar ta tsananta, garkuwar jiki kan fusata ta saki sinadarai masu cin ƙwayoyin huhu kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, shi kuwa asetilsistin jiki na sarrafa shi ya zama gulutatayon, wanda ke kashe kaifin waɗannan sinadarai. Na gaya wa ɗan cewa ba ni da tabbacin zai yi amfani, ya ce ya ji ya amince. Gaskiyar magana, ba hujjar kimiyya kaɗai ta sa na yarda ba, har da nauyin idon mutumin da ya rabu da amfanin gonarsa, da kuma takaicin tsayawa a kan mara lafiya ba ka da wani sabon abin yi.

Na bi ma'aunin da na sani na gubar farasitamol: miligiram 150 ga kowane kilo a awa ta farko, sannan 50 cikin awa huɗu, sannan 100 cikin awa goma sha shida. Baba kilo 60 ne, wato giram 9 a ledar ƙarin ruwa ta farko kaɗai. Da aka fasa kwalaben, ɗakin ya ɗauki wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, saboda farar wutar da ke cikin maganin.

Ba a yi rabin awa ba ma'aikaciyar jinya ta kira ni da gaggawa. Na tarar Baba yana sosa wuya da ƙirji, borin jini ya feso masa, ya yi amai, ƙirjinsa kuma yana fito kamar an busa sarewa. Oksijin da muka sha wahala muka ɗaga zuwa 90 ya zame zuwa 84. Ya kama hannuna ya ce, “Ɗana, wannan ruwan ne, ku cire mini.” Muka tsayar da ruwan, muka yi masa allurar borin jini, muka shaƙa masa salbutamol, maganin buɗe hanyoyin numfashi, kuma sai da aka kusa awa guda kafin ƙirjin ya saki. Na san maganin kan yi haka idan ya shiga jijiya da sauri, amma mai gubar farasitamol galibi huhunsa lafiya lau yake, yana da rarar numfashin da zai jure. Baba ba shi da wannan rara, kuma wannan lissafin ne ban yi ba. Ban ci gaba da sauran ledojin ba.

Daga baya na zauna na bincika, sai na tarar tun kafin ƙarshen 2020 likitoci a birnin Sao Paulo na Brazil sun riga sun gwada wannan abu a kan mutum 135 masu korona mai tsanani: aka ba rabinsu giram 21 cikin awa 20, rabi kuma ƙarin ruwa da babu maganin a ciki, kuma ba a ga bambanci ba wajen yawan waɗanda suka kai ga injin numfashi. Da na karanta wannan da wuri, da na mayar wa ɗan ledarsa, na roƙe shi ya sa kuɗin a man janareta, domin a daren da ya biyo baya wuta ta ɗauke, sai da muka rarraba silinda ɗaya tsakanin gadaje biyu har asuba.

Abin da muka dage a kai bayan nan shi ne kwantar da Baba rub da ciki na sa'o'i masu yawa a rana, duk da mitar da yake yi cewa haƙarƙarinsa na ciwo, da cike kwana goma na deksametason, da auna sukarinsa safe da yamma tunda maganin kan ɗaga shi. A kwana na goma sha biyu ya riƙe 94 ba tare da bututu a hanci ba, muka sallame shi. Ɗansa har yau ya yi imani asetilsistin ɗin nan ne ya tashi mahaifinsa, kuma ya faɗa wa mutanen garinsu haka. A makon da ya biyo baya mutum biyu suka zo mini da irin wannan leda, na zaunar da su a ofis na ba su labarin daren, sannan na rubuta musu sunan wurin da ake cika silinda.