Gayyar ɗalibai a ɗakin gwaje-gwaje

A zangon karatun da ya wuce, wutar lantarki ta ɗauke har kwana uku a ɗakin gwaje-gwajen da nake koyarwa a nan Jos, janareta kuma ya ƙi tashi. Da muka buɗe firiza, ƙanƙarar ta narke, ƙananan kwalaben da ɗalibaina suka adana bakteriyar da suka shafe wata huɗu suna aiki a kanta suna iyo cikin ruwa. Wata ɗaliba ta dube ni ta ce, "Malam, shi ke nan wahalarmu ta tashi a banza?" Ba ta tashi a banza ba, domin tun wata biyu kafin nan sun ɗiga guntun DNA (sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta) da suka haɗa a kan takardar tacewa, suka sa a ambulan, suka aika wa wasu ɗalibai a Abuja domin su ma su gwada. Cikin mako guda ambulan ta dawo mana da irinmu.

Fannin da suke koyo shi ne na harhaɗa guntayen DNA a sanya su cikin bakteriya ko yis, domin ƙwayar ta yi aikin da ba ta saba yi ba. Ta irin wannan hanya aka sa bakteriya ta samar da insulin na masu ciwon sukari a 1978. Gasar ɗalibai mafi shahara a fannin ita ce iGEM, wadda ta faro a matsayin darasi a jami'ar MIT ta Amurka a 2003, ta zama gasa a 2004 da ƙungiyoyi biyar, kuma daga 2022 babban taronta ya koma birnin Faris. Abin da ya fi burge ni a tsarinta shi ne rumbun guntayen DNA da ta kafa, inda kowace ƙungiya take ɗiba, sannan ta zuba abin da ta ƙera tare da bayanin yadda ya yi aiki, domin masu zuwa a baya. Wannan ita ce gayyar da muka sani a gona: yau a yi noman wane, gobe a koma gonar wani.

Amma amfanin haɗa hannu ya wuce ceton samfur. Duk mai sayen hatsi ya san mudun wata kasuwa ba ya daidai da na wata, kuma haka na'urorin awo suke. Ɗalibai kan yi amfani da wani furotin mai ƙyallin kore, wanda aka samo daga wata halittar teku, su gane ko abin da suka dasa yana aiki. Sai dai adadin da na'urarmu ta nuna ba lallai ya dace da na Abuja ba. Saboda haka ne daga 2014 iGEM ta riƙa sa ƙungiyoyi da yawa su auna abu guda da ƙa'ida guda, domin a samu mudu ɗaya. Lokacin da na Abuja suka maimaita gwajinmu, ƙyallin da suka gani bai kai namu ba, kuma bin diddigin wannan saɓanin ne ya nuna mana cewa ba mu cire ƙyallin ruwan da ake rainon bakteriyar a ciki daga lissafinmu ba.

Burin ɗaliban shi ne bakteriyar da za ta sauya launi idan ruwa yana da gubar ƙarfe. Ɗaliban jami'ar Edinbara ta Birtaniya sun yi makamancin haka a 2006 domin gano gubar asinik a ruwan rijiya. Mu kuwa ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato, waɗanda masu lambu ke ban ruwa da su, ga kuma gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Na san wasu abokan aikina suna tsoron a sace musu tunani, kuma ba na raina wannan tsoron. Maganinsa dai shi ne a rubuta wanda ya yi kowane aiki tun farko, a kuma kiyaye ƙa'idojin hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015 domin sa ido kan halittun da aka sauya wa gado. Yanzu duk abin da ɗalibaina suka haɗa, sai an ajiye shi wuri biyu, kuma a wata mai zuwa mu ne za mu maimaita gwajin ƴan Abuja.