Asabar, Ranar Zaman Kwamitin Bishara

Tun da safe muke zaman kwamitin bishara, saboda taron farkaswar da ikkilisiyarmu za ta yi ƙarshen wata. Maganar kujeru da lasifika da masu tarbar baƙi ta wuce ba gardama. Sai da aka zo kan kiran bagade, lokacin da mai wa'azi zai ce duk mai son karɓar Yesu ya taso gaba, sannan zaman ya yi nauyi.

Wani ɗan'uwa, mutum mai himma wanda ban taɓa shakkar ƙaunarsa ga Ubangiji ba, ya kawo tsari. Ya ce a zaɓi wasu daga cikin matasanmu a warwatsa su cikin jama'a. Da zarar an yi kira sai su miƙe su nufi gaba kamar a lokacin ne wa'azin ya taɓa su, domin baƙon da kunya ta riƙe ya ga ba shi ne na fari ba. A rage haske, mai kiɗa ya sassauta sauti, a yi ta maimaita baiti ɗaya har jama'a su motsa. Mai wa'azi kuma ya rufe da labarin saurayin da ya ƙi fitowa, ya mutu a hanyarsa ta komawa gida a daren. Na tambaye shi ko ya san saurayin. Ya ce a'a, amma labarin yana sa mutane fitowa.

Na nemi izini na ce, "Baba Fasto, tambaya ɗaya gare ni. Za mu iya hawa mimbari mu gaya wa baƙi cewa waɗanda za su fara tashi namu ne, mu muka shirya su?" Aka yi shiru. Na ce duk abin da ba zai yi tasiri ba sai in an ɓoye shi ga wanda ake yi wa, to yaudara ce, ko da sunan wa aka yi ta.

Ɗan'uwan bai ji daɗi ba, kuma amsarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce, "Ɗan'uwa, rai ɗaya da zai tsira bai fi wannan ƙa'idar taka ba? Bulus ma ai ya zama kome ga kowa domin ya ceci waɗansu." Na ce haka ne, amma Bulus ɗin nan shi ne ya rubuta a 2 Korantiyawa 4:2 cewa sun rabu da ɓoyayyun abubuwa na kunya, ba sa tafiya da makirci, sai dai bayyana gaskiya a fili ga lamirin kowane mutum. Zama kamar mutum domin ya fahimce ka daban, shirya masa wasan kwaikwayo bai sani ba daban. Fasto ya ce a dakatar da maganar, kowa ya je ya yi addu'a a kai.

Da rana na kasa yin wani aiki, sai na koma kan tarihin abin, domin gardamar nan ta girme mu duka. Charles Finney, mai wa'azin Amurka, shi ya yaɗa al'adar ware benci a gaba domin waɗanda zunubinsu ya dame su, musamman a farkaswar birnin Rochester ta 1830 zuwa 1831. A laccocinsa da aka buga a 1835 ya ce farkaswa ba mu'ujiza ba ce, sakamako ne na yin amfani da hanyoyin da suka dace. A 1843 John Nevin, wani malamin tauhidi a Amurka, ya rubuta suka mai zafi a kan wannan benci, yana ganin an mayar da tasowa gaba kamar ita ce tuba. Tsoron Nevin shi ne tsorona yau. In har ka yarda dabara ce ke kawo tuba, to gobe za ka nemi dabarar da ta fi ta jiya ƙarfi, kuma ba ka da wurin tsayawa.

Amma ba na cikin masu cewa a cire motsin zuciya daga wa'azi. Allah ya kiyaye. Yesu ya yi kuka a kan Urushalima. Bulus ya gaya wa dattawan Afisa cewa shekara uku yana yi musu gargaɗi dare da rana da hawaye. Ranar Fentikos maganar Bitrus ta soki zukatan jama'a har suka ce, me za mu yi? Mutumin da zai yi maganar gicciye fuskarsa a bushe kamar yana karanta sanarwa, shi ma bai faɗi gaskiya cikakkiya ba. Jonathan Edwards, wani fasto a Amurka, wanda wa'azinsa a garin Enfield a 1741 ya sa mutane kururuwa, ya zauna a 1746 ya rubuta cewa addinin gaskiya ba ya rabuwa da shauƙin zuciya, amma ƙarfin shauƙin ko rawar jiki ba hujja ba ce cewa daga Allah yake, ba kuma hujja ba ce cewa ba daga gare shi yake ba. A zaman mutum bayan nan ake ganewa.

Abin da nake dubawa shi ne daga ina hawayen suka fito. Idan mutum ya fahimci zunubinsa, ya fahimci alherin Allah, ya yi kuka, wannan kukan ya biyo bayan fahimta. Idan kuwa an fara matsa shi da duhu da sauti da tsoron mutuwar dare, aka kuma hana shi minti biyar na tunani, an tsallake hankalinsa ne aka kama jikinsa. Yesu da kansa ya ce mai son ginin hasumiya ya fara zama ya lissafa kuɗin. Saurayin nan mai dukiya da ya juya ya tafi da baƙin ciki, Markus ya ce Yesu ya dube shi ya ƙaunace shi, amma bai bi shi da barazana ba. Ya bar masa ikon cewa a'a.

Da yamma na ziyarci wata 'yar'uwa da ta fito gaba a taron bara, daga nan ba mu ƙara ganinta ba. Lokacin ɗanta bai daɗe da rasuwa ba. Ta karɓe ni da mutunci. Da hira ta yi nisa ta ce, "Malam, ni fa ban san abin da na amsa ba. Baƙon mai wa'azin ya ce duk mai son sake ganin wanda ya rasa ya taso, ni kuwa wace uwa ce za ta zauna?" Ta ce da gari ya waye sai ta ji kamar an yi amfani da ɗanta an ja ta. Ba ta ƙi Yesu ba, in ji ta, amma tana jin nauyin shiga wurin da aka ga tsiraicin baƙin cikinta aka rubuta shi a matsayin nasara. Sunanta yana cikin rahoton da aka karanta mana bara muka yi tafi. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Ba mu muka fara faɗawa wannan jarabar ƙidaya ba. A taron bishara na duniya da aka yi a birnin Lausanne na ƙasar Switzerland a 1974, wanda mai wa'azi Billy Graham ya jagoranci kiransa, shugabannin bishara daga ƙasashe fiye da 150 sun amsa a rubuce cewa wani lokaci, don son ganin an karɓi bishara, sun juya masu sauraro da dabarun matsin lamba, sun damu da alƙaluma fiye da kima, har ma sun yi rashin gaskiya wajen amfani da su. A 2011 kuma Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya da ofishin Fadar Paparoma mai kula da tattaunawar addinai da Ƙawancen Masu Bishara na Duniya suka fitar da takarda ɗaya kan ladubban shaida, inda suka ƙi yaudara da tilas, suka ce sauya addini mataki ne da ke bukatar isasshen lokacin tunani cikin cikakken 'yanci. Ina son ikkilisiyarmu ta cika har a rasa wurin zama. Amma katin amsa kira da aka cika cikin ruɗani ba almajiri ba ne.

Bayan sallamar dare Fasto ya kira ni. Ya ce ya yanke shawara ba za a dasa kowa cikin jama'a ba, kuma mai wa'azi ba zai ba da labarin da ba a tabbatar da shi ba. Maganar haske da kiɗa ya bar ta sai zama na gaba. Ni dai ina ganin a rera waƙar sau ɗaya da haske a kunne, a kuma faɗa wa jama'a cewa wanda bai shirya ba yana iya zuwa gobe ko jibi, ƙofa a buɗe take. Ya ɗora mini aikin nemo dattawa maza da mata da za su zauna da duk wanda ya fito, su saurare shi kafin a rubuta sunansa. Ya kuma ce in gaya wa 'yar'uwar nan zai zo da matarsa su gaishe ta ranar Talata, in ta yarda.